Shuɗin Kofi a Ƙarƙashin Fiffike

A layinmu na Agege, Injiniya ake ce mini. Ban taɓa shiga ajin injiniyanci ba, ko ta taga ban leƙa ba. Aikina a wancan lokacin shi ne in tura jirgi, in wanke jirgi, in zuba wa jirgi mai. Amma ranar da na fara shigowa unguwa sanye da farin obarol mai hoton fiffike a ƙirji, mai shayin bakin layi ya ɗaga murya ya ce, "Ku ba Injiniya wuri!" Sunan ya bi ni, ni kuwa ban kore shi ba. Daɗinsa nake ji har cikin raina.

Kamfanin da nake wa aiki ɗan ƙarami ne, jirginsa ɗaya tak, mai kujera huɗu da farfela guda a hanci. Rumfarmu tana can gefen filin jirgin da ke maƙwabtaka da Agege, nesa da inda manyan jirage suke lodi. Mu huɗu ne a wurin. Akwai oga mai kamfani, wanda sai ya ga dama yake leƙowa. Akwai Kyaftin, matuƙin jirgin. Akwai Baba maigadi, dattijo mutumin Nijar, da tabarmarsa da butar shayinsa a bakin ƙofa. Sai ni. Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, manyan riguna sun fito daga akwati, kowane ɗan siyasa yana so a gan shi yana saukowa daga jirgi, ko da kuwa ɗan ƙaramin nan namu ne. Saboda haka aiki ya buɗe mana sosai.

Kyaftin mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, dogo marar yawan magana. Da Hausa muke hira, tasa irin ta can, ni ina yi masa dariya, shi yana ce mini Hausata ta sha miyar Yarabawa. Malam yake kira na. In Juma'a ta yi, shi da kansa yake duba agogo ya ce in ajiye tsumma in tafi masallaci. Shi ne kuma ya koya mini abin da ya fi komai muhimmanci a aikin nan, wato duba ruwa a cikin mai.

Man ƙaramin jirgi ba irin na mota ba ne. Ana sa masa launi, shuɗi-shuɗi marar duhu. Ruwa ya fi shi nauyi, don haka in ruwa ya shiga tankin da ke cikin fiffike, sai ya kwanta a ƙasa, daidai inda inji yake zuƙa. A ƙarƙashin kowane fiffike akwai ɗan bakin famfo. Kafin jirgi ya tashi, ana ɗaukar wani siririn kofin gilashi mai tsinke a baki, a danna shi a wurin, mai ya zubo, a ɗaga a duba. In akwai ruwa, za ka gan shi fari a gindin kofin, da layi tsakaninsa da shuɗin mai. Kyaftin ya ce mini, "Malam, ka duba launi, ka duba layi, ka shinshina, sannan ka ɗiga a bayan hannunka. Mai yana bushewa nan take. Ruwa yana zama." Ni dai layin na riƙe, don shi ne abin burgewa. Sauran na bar su a inda ya faɗe su.

Kusan shekara guda shi yake yi da hannunsa ina kallo. Daga baya ya bar ni ina yi yana tsaye a kaina. Daga baya kuma sai in ɗaga masa kofin daga nesa, ya ɗaga mini babban yatsa. Ranar da ya fara yin haka ban iya cin abincin rana ba don murna.

Murnar ce ta kai ni ga wauta. Wata Asabar na zura kofin gilashin nan a aljihu na tafi da shi gida, ba tare da na tambayi kowa ba. Bayan la'asar na je teburin mai shayi inda muke majalisa, na sa aka kawo kananzir da ruwa, na zuba, na ɗaga sama ina bayani kamar ni na ƙera jirgin. Mutane suka taru, har masu okada suka kashe injinansu. Maƙwabcina Bayarabe ya yi mini sannu da aiki da harshensu, ya ce unguwa ta yi sa'a. Ranar Litinin da safe, a cikin danfo, motar hayar Ikko, kwandasta ya cusa mu biyar a kujerar mutum huɗu, wata mata mai kwandon tumatir ta zauna rabi a cinyata, na ji ƙas a aljihu. Gilashin ya tsage gida uku, har ya yanke ni.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. In je in ce, Kyaftin, na ɗauka, na fasa. Da faɗa zai yi mini na minti biyu ya ɗauko wani. Amma sai ya tambaye ni me kofin yake yi a danfo, ni kuwa ba zan iya buɗe baki in ce na kai shi wasan kwaikwayo teburin mai shayi ba. Na sauka a kasuwa, na sami wani mai koli, na sayi ɗan kofin roba wanda ake ganin cikinsa. Sai dai robar shuɗiya ce. Har na ce wa kaina ai ya ma dace da launin man. Na haɗa da doguwar ƙusa ta danna famfon, na ce in lallaɓa da wannan kafin in samo na gaske. Kwana ya yi ta wucewa ban nema ba.

A cikin makonnin nan ne oga ya zo ya ce mutanen wani babban ɗan siyasa za su zo ganin wurinmu, in gyara ko'ina. Gangunan manmu guda uku a waje suke, a kwance bisa katako, tun kafin in zo haka na same su. A idona sun yi kama da kayan bola. Na tashe su tsaye, na jera su a jikin bango, na shafa musu fenti, na ja da baya ina kallon aikina.

Baba maigadi ya taso da carbinsa a hannu. Shi tano yake ce wa ganga, fetur isansi, jirgi kuwa abiyo, irin maganarsu ta can. Ya ce, "Ɗana, tanon ga ba a aje shi tsaye cikin damana. Ruwa na taruwa bisa kai nai."

Na ce, "Baba, a rufe suke gam. Ka ga marfin?"

Ya ce, "Na gani. Ni na sai da isansi shekara da shekaru a tashar garinmu kahin in zo Ikko. Tano lumfashi yakai. Rana ta buge shi ya hurar da iska, sanyi ya sauka ya ja. In ruwa na bisa marhin, da shi zai ja."

Na yi dariya, irin dariyar ɗan birni. Na ce, "Baba, wannan man jirgi ne, ba man kabu-kabun garinku ba. Ka bar wa masu aikin aikinsu." Ya dube ni, ya ce to, Allah ya kyauta, ya koma tabarmarsa. Dattijon da ya isa ya haife ni ya haifi yayana na faɗa wa haka, don ina da obarol shi yana da tabarma.

Baƙi suka zo, suka yaba tsabtar wuri, oga ya dafa kafaɗata a gabansu. Sai na bar gangunan a tsaye. Aka yi kwanaki ana ruwa irin na Ikko, a tsuga da safe, rana ta buɗe da zafi, a sake tsugawa da yamma. Ruwa ya kwanta a kan gangunan har ya rufe marafan. Na sha ganin tsuntsaye suna sauka suna sha a wurin.

Ranar da abin ya faru, Kyaftin zai tashi shi kaɗai ya ɗauko wasu fasinjoji a Ibadan. An yi ruwa da asuba, siminti duk a jiƙe. Gangar da nake ɗiba ta yi ƙasa, sai na zura bututun famfon hannu har gindinta, na cika fukafukan biyu. Na ɗan jira kamar yadda aka koya mini, na fito da ƙusata da kofina, na danna. Kofi ya cika. Na ɗaga shi sama. Shuɗi ne tun daga baki har gindi, babu layi, babu ɗigo. Ban shinshina ba, don hannuwana da rigata duk warin mai suke. Ban ɗiga a bayan hannu ba. Ban tsaya na tuna cewa layi yana fitowa ne in abu biyu ne a kofin ba. In ruwa ne zalla, ba shi da abin da zai yi layi da shi, launin kuwa kofina ya riga ya ba shi.

Kyaftin yana tsaye a bakin rumfa da takardu a hannu, kusa da tabarmar Baba. Ya ɗago kai ya ce, "Yaya, Malam?"

Na ce, "Tsaf yake, Kyaftin."

Ya ɗan tsaya yana kallon hannuna. Sannan ya ɗaga babban yatsa, ya zagaya ya duba tayoyi, ya shiga jirgi.

Na watsar da abin da ke kofin a kan siminti, a wani ɗan wuri busasshe ƙarƙashin fiffike inda ruwan sama bai taɓa ba. Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa faɗa wa kowa ba. Mai in ka watsa shi a siminti, yana bajewa ya bushe kana kallo. Wannan bai bushe ba. Ya kwanta, ya dunƙule, ya fara gangarawa a hankali. Na gani da idona. A daidai lokacin farfela ta fara juyawa, inji ya kama da ƙarfinsa, lafiya lau. Akwai alamar da ake yi wa matuƙi da hannu ya kashe inji, na san ta, na sha yin ta. Amma in na tsayar da shi sai ya sauko, in ya sauko sai ya ce in miƙo kofin. Na ce wa kaina ai inji ga shi yana aiki, da ruwa ne da bai tashi ba, ƙila iskar damina ce ta hana shi bushewa. Na mayar da kofin aljihu, na janye katakon tayoyi, na ɗaga masa hannu.

Injin ya yi aiki ne da ɗan man da ya rage a bututunsa tun jiya. Shi ya kai shi bakin titi, shi ya ɗaga shi sama. Ina tsaye ina kallonsa ya wuce tsayin shinge, ya wuce tsayin bishiyoyi, har na fara sakin numfashi. Sai na ji ya yi tari. Ya sake kamawa, ya sake tari sau biyu, sannan shiru. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, ga jirgi a sama ba ƙara. Na ga hancinsa ya sunkuya, ya ɗan karkata hagu, ya ɓace a bayan shinge. Baba ya miƙe tsaye yana salati.

A gonakin ganye da ke bayan shingen ya sauka. Ƙasar ta sha ruwa, tayar gaba ta nutse a taɓo, jirgin ya kifa. Masu noman wurin ne suka jawo shi. Allah ya sa wuta ba ta tashi ba. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu, goshinsa ya tsage. Daga baya na ji manoman suna cewa da ya miƙe sosai, a kan rufin kwanon unguwa zai sauka, shi ya sa ya karkata ya zaɓi taɓo. Unguwar da suke nufi tamu ce. Matata tana gida a lokacin, tana shanya.

Da aka tafi da shi asibiti, kowa ya koma kallon jirgin, ni na sulale na dawo rumfa. Na goge ruwan kan gangunan da tsumma, na kwantar da su ɗaya bayan ɗaya bisa katakonsu. Shuɗin kofin na jefa shi a babbar kwata, ruwa ya tafi da shi. Da na juyo, Baba yana zaune a tabarmarsa yana kallona, ban san tun yaushe ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yanzu ka kwantar da su." Bai ƙara ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Amma daga ranar, in ya dafa shayi, ba ya miƙo mini.

Masu bincike suka zo. Sun sami ruwa a injin, sun sami ruwa a fukafukai, sun sami ruwa a gangar. Amma sun ga ganguna a kwance yadda ya kamata, don haka ba su iya cewa ga ta inda ya shiga ba. Da suka nemi kofin gilashi ba su gani ba, oga ya ce ƙila yana cikin jirgin ya farfashe. Saura tambaya ɗaya, wa ya duba man kafin a tashi? A ɗakin asibiti aka yi ta, Kyaftin yana kwance an rataye ƙafarsa, oga yana tsaye, ni ina jikin ƙofa. Kowa a ɗakin ya san lasisin Kyaftin da sunansa sun rataya ne a kan amsar.

Bai dube ni ba. Silin yake kallo. Ya ce, "Ni ne matuƙi. Ni na duba."

Mai binciken ya rubuta, sannan ya juyo ya tambaye ni ko ina da abin da zan ƙara. Na ji muryata tana cewa da broka, "Na only pump I pump, sa." Wato ni zubawa kawai na yi. Ya gyaɗa kai ya rufe littafinsa.

Ban sani ba ko maganata za ta cece shi. Doka ta ce matuƙi ne zai tabbatar da mansa, wannan gaskiya ne, na kuma jingina da ita shekaru. Amma akwai bambanci tsakanin matuƙin da ma'aikacinsa ya yaudare shi da kofin kasuwa, da matuƙin da ya ɗaga ruwa zalla a gilashi ya kasa ganewa. Na biyun aka rubuta. Aka dakatar da lasisinsa, oga ya sallame shi yana ta faɗa a waya cewa sakaci ya cinye masa jirgi, labari ya zagaya duk rumfunan filin. Babu wanda zai sake ba shi jirgi.

A unguwa kuwa kasuwata ta buɗe. Kowa ya ji faɗuwar jirgin, kowa yana son ya ji daga bakin Injiniya. Na zauna a teburin mai shayi na yi musu bayanin yadda ruwa yake kashe inji, dalla-dalla, har da kwatance da hannu. Wani ya tambaya, to shi direban bai duba ba ne? Na kurɓi shayi na ce, "Ka san matuƙa, wani lokaci gaggawa." Da bakina na faɗi haka. Na koma gida na kasa haɗiye tuwo, matata ta zaci tausayin Kyaftin ne, har tana yaba mini riƙon amana.

Kamfani ya rufe, tunda ba jirgi. Baba ya sami gadin wani sito a Ijora, ya naɗe tabarmarsa ya tafi, sallamar da ya yi mini ba ta wuce kalma biyu ba. Ni na sami aiki a wata rumfar, don an san ni da tsabta. Asibiti kuwa sau biyu na koma. Na ce aiki ne ya yi mini yawa.

Bayan wasu watanni Kyaftin ya aiko mini cewa zai koma gida, in same shi a tashar motocin arewa da ke nan Agege. Da hantsi na je. Ya rame, yana dogara sanda, tabon goshinsa ya yi fari. Ya yi mini murmushi kamar jiya muka rabu, ya tambayi iyalina. Na karɓi jakarsa na kai bayan mota, na dawo na tsaya, na shirya maganar da na kwana uku ina haɗawa. Na ce, "Kyaftin, akwai abin da ya kamata in..."

Ya ɗaga hannu. Ya buɗe 'yar jakar da ke rataye a kafaɗarsa, ya fito da wani abu naɗe a cikin safa. Kofin gilashi ne mai tsinke a baki, tsoho, gefensa ya ɗan goge. Ya ce, "Nawa ne, tun na makarantar tuƙi. Ni ba zan sake amfani da shi ba. Riƙe, Malam. Wannan fari ne."

Na kasa ɗaga ido. Ya ce, "Na ga kofin a hannunka ran nan. Na so in yi magana, sai na ga Baba yana zaune, na ce kar in kunyata ka gaban dattijo, in na dawo ma yi magana mu biyu. Ka ga ni ma da nawa laifin. Kar ka ɗauka duka."

Ya raba laifin biyu ya ɗauki rabi, yana tsammani ya san duka. Bai san na ga ruwan nan ya ƙi bushewa a siminti ba. Bai san ina da lokacin ɗaga hannu ba. Kwandasta yana ta buga jikin mota yana kiran fasinja, na buɗe baki, na rufe. Na taimaka masa ya hau, na miƙa masa sandarsa ta taga. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ya ce amin. Ban sake ganinsa ba.

Kofin yana wurina. Na yi aiki da shi shekaru, ina duba launi, ina duba layi, ina shinshinawa, ina ɗigawa a bayan hannu, ko da matuƙi yana huci yana duba agogo. Bai taɓa kwana a wajen rumfa ba sai da na bar aiki, teburin mai shayi kuwa bai taɓa ganinsa ba. Mai shayin ya tsufa, ɗansa ne a teburin yanzu. In na fito da safe zan wuce, sai ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya, an tashi lafiya?" Ni kuma in amsa.